Mura da takardar lab: me ya sa lambobin jini suke birkicewa a kwanakin ciwo

A hunturun bara, wata Talata bayan la'asar, gwaggona ta aiko jikanta ya kira ni, saboda a dangi ni ne mai aikin asibiti. Na same ta a ɗakinta a Gwammaja, a dunƙule cikin bargo, ga kaskon garwashi a gefe, ƙofa da taga duk a rufe. Sai da na fara buɗe tagar sannan na durƙusa na gaishe ta. Muryarta ta dashe, idanunta sun yi ja. Kwananta huɗu tana fama da mura da tari da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Ta zaro wata takarda daga ƙarƙashin filo ta miƙo mini.

"Ɗan nan, duba mini wannan. Yaron da ya karɓo ya ce wai jinina ya yi ƙasa, wai hantata ta taɓu, ga kuma taifot."

Na duba. WBC, wato yawan fararen ƙwayoyin jini, 3.4, an saka harafin L a gefensa, alamar ya gaza ma'auni. Filatilet 138, shi ma L. ALT, na hanta, 58 da harafin H, alamar ya haura ma'auni. ESR 40. Widal 1/80. Ba a ga maleriya ba. PCV 37.

"Gwaggo, yaushe aka ɗebi jinin?"

"Jiya da safe."

Wato a rana ta uku da fara ciwon. Wannan amsar ta fi duk lambobin da ke takardar amfani a wurina, kuma ita ce ba a rubuta a jikin takardar ba. Jinin da aka ɗeba a tsakiyar mura jinin mutumin da jikinsa ke cikin faɗa ne, kuma lambobin suna sauyawa daga rana zuwa rana. Takardar rana ta biyu daban, ta rana ta bakwai daban, ta mako na uku daban, alhali mutum ɗaya ne, ciwo ɗaya ne.

Abin da muke haɗa wa suna ɗaya mu ce mura, ƙwayoyin bairos ne iri-iri masu kama hanci da maƙogwaro, wani lokaci su gangara huhu. Akwai rainobairos, wanda ya fi kowa kawo ƙaramar mura. Akwai infuluwenza mai kwantar da ƙato. Akwai RSV da ke wahalar da jarirai, da adinobairos, da dangin korona. Gwajin FBC, wanda ake ƙirga ƙwayoyin jini da shi, ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu. Mai son ya ga bairos ɗin da kansa sai a zura masa tsinken auduga a hanci a yi gwajin PCR, irin wanda Kanawa suka sani tun daga watan Afrilun 2020 da korona ta shigo gari. Abin da FBC ke nunawa shi ne yadda jiki ya ɗauki lamarin. Sawun giwa ake gani a ƙasa, giwar tana daji.

Fararen ƙwayoyin jini su ne suka fi rikita mutane, don haka a nan zan fi daɗewa. A babban mutum mai lafiya yawansu yakan kama daga 4,000 zuwa 11,000 a kowace maikirolita, shi ne ake taƙaitawa a rubuta 4.0 zuwa 11.0. Ba iri ɗaya ba ne. Manyan rundunoni biyu su ne niyutirofil, masu gaggawar afka wa bakteriya, da limfosayit, waɗanda yaƙi da bairos ya fi rataya a wuyansu. Hankali zai ba mutum cewa idan bairos ya shigo limfosayit za su ƙaru a jini. A kwanakin farko na infuluwenza ko korona akasin haka ake gani, raguwa suke yi. Dalilin kuwa shi ne sun bar hanya. Ƙwayoyin jikin da bairos ya shiga suna fitar da wani sinadarin gangami mai suna intafiron, shi ne ma ke kawo wani kaso na ciwon jiki da kasalar da ake ji. Da wannan kira limfosayit sukan fice daga jijiyoyin jini su taru a kaluluwa da bangon hanyoyin numfashi. Allurar ma'aikacin lab kuwa jijiyar hannu kawai take shiga. Kamar mutum ne ya tsaya a kan titin Ƙofar Mata ranar Juma'a da ƙarfe biyu yana ƙirga masu wucewa, ya koma ya ba da labari cewa mutanen Kano sun ragu, alhali suna masallaci. Kaluluwar da ke fitowa a wuya lokacin mura ita ce shaidar inda suka taru.

Bayan 'yan kwanaki sai abin ya juya. Limfosayit su dawo jini da yawansu, wasu sun ƙara girma sun sauya kama, har mai duba gilashi a madubin lab ya rubuta cewa ya ga waɗanda ba a saba gani ba. A daidai lokacin niyutirofil sukan ɗan yi ƙasa. Nan ne lissafin kashi cikin ɗari yake yaudarar mutane. A ce jimillar fararen ƙwayoyin mutum 4,000, takarda ta nuna limfosayit kashi 55, niyutirofil kashi 35. Injin zai saka H a gaban limfosayit. Amma kashi 55 na 4,000 ai 2,200 ne, adadin mai lafiya ƙalau. Ba su ƙaru ba, abokan rabonsu ne suka ragu. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa yake neman ainihin adadin, ba kason ba. Yaro ƙarami kuwa, har zuwa wajen shekara huɗu ko biyar, dama can limfosayit ne suka fi yawa a jininsa. Auna shi da ma'aunin manya kuskure ne tun daga tushe.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye, wanda na so a ce ana rubuta shi a ƙasan kowace takardar lab a garin nan. Galibin mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu. Gado ne, kuma yana ba da kariya daga nau'in maleriya na baibas. Masu wannan gado yawan niyutirofil ɗin da ke yawo a jininsu yakan gaza na Turawa, ba tare da hakan ya rage musu garkuwar jiki ba. Injinan ƙirga jini da yawa kuma da ma'aunin da aka ɗauko daga jinin mutanen Turai da Amurka suke zuwa. Ke nan Bakano lafiyayye zai iya ganin L a takardarsa ranar da ko atishawa bai yi ba. Idan mura ta ƙara danne lambar, sai ta ba da tsoro fiye da kima. Ban da wannan, shi kansa ma'aunin an tsara shi ne ya ɗauke kashi 95 cikin ɗari na masu lafiya, don haka mutum ɗaya cikin 20 zai faɗo waje a kowane gwaji ba tare da yana da komai ba.

A makaranta ana koyar da cewa fararen ƙwayoyi idan sun hau, niyutirofil suka rinjaya, a zargi bakteriya, idan sun sauka a zargi bairos. Wannan ƙa'ida tana taimakawa, amma tana da ɓaraka. Taifot bakteriya ce, kuma sau da yawa sauke fararen ƙwayoyi take yi. Tarin shiƙa bakteriya ce ke kawo shi, amma limfosayit yake tayarwa sosai. Adinobairos kuwa yakan tayar da lambobin yaro har a rantse bakteriya ce. Sai kuma ɓarakar da muke haƙa wa kanmu. Haɗin maganin mura da ake ƙulla wa mutane a leda a wasu kemis yakan zo da deksa ko firedinisolon a ciki. Waɗannan magunguna suna tayar da niyutirofil su danne limfosayit cikin sa'o'i. Mutum ya sha haɗin daren jiya, ya je lab da safe, takarda ta fito kamar ta mai cutar bakteriya, a rubuta masa alluran kwana biyar. Idan ka sha wani abu kafin gwaji ka faɗa, ko da ledar ce ka tafi da ita.

Filatilet, ƙananan ƙwayoyin da ke toshe rauni su tsayar da jini, ma'auninsu 150,000 zuwa 450,000 ne. Bairos yakan ɗan sauke su, don ɓargo yana rage ƙera su, saifa kuma tana ƙara kwashe su. Irin 138 na gwaggo, wato 138,000, ba ya sa kowa zubar jini, kuma da yake rayuwar filatilet kwana 7 zuwa 10 ce, gyaruwarsu ba ta daɗewa. A mako na biyu ko na uku ma sukan wuce ma'auni, musamman a yara, sannan su daidaita da kansu. Sai dai a Kano ba a gaggawar ɗora wa mura laifin saukar filatilet. Maleriya gwanar sauke su ce. Zazzaɓin Lassa ma haka, kuma lokacinsa rani ne, daidai da lokacin mura, yana kuma iya farawa da ciwon maƙogwaro. Wasu yaran kuma, mako ɗaya zuwa huɗu bayan mura, garkuwar jikinsu takan juya kan filatilet ɗinsu. Idan aka ga haɓo, ko jini a dasashi, ko ɗige-ɗigen ja a fata, wannan ba na zaman jira ba ne.

"Jini ya yi ƙasa" a bakin mutanenmu yana nufin PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini. Ita gwaggo nata 37 ne, babu abin da ya same shi, ɗan aike ne ya ga L a wani layi ya fassara da abin da ya sani. Jar ƙwaya tana rayuwa kusan kwana 120, saboda haka murar mako guda ba ta isa ta ƙarar da jinin mai lafiya ba. Abin da ke motsa lambar shi ne ruwa. Mai zazzaɓin da ba ya ci ba ya sha, ga busasshiyar iskar hunturu, jininsa yakan yi kauri PCV ya hau. A yi masa ƙarin ruwa leda biyu a sake gwaji, lambar ta sauko, 'yan uwa su ce jini yana zuba.

Ga mai sikila lissafin daban ne gaba ɗaya, kuma a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake ɗauke da gadon ciwon, da wuya a rasa gidan da abin bai shafa ba. Jajayen ƙwayoyin mai sikila kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi, don haka ɓargonsa kullum a guje yake don ya cike gurbi. Akwai wani bairos, fabobairos B19, da ake ɗauka ta numfashi, yakan fara kamar mura. Yana tsayar da ƙera jajayen ƙwayoyi na wajen mako guda zuwa kwana goma. Mai lafiya ba zai ma san an yi ba. Mai sikila kuwa jininsa zai iya faɗuwa warwas cikin 'yan kwanaki har sai an yi masa ƙarin jini. Infuluwenza ma takan tayar musu da ciwon ƙirji mai haɗari. Yaro mai sikila da zazzaɓi da tari, idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, asibiti ake nufa da shi a ranar, ko Hasiya Bayero ko Murtala ko Malam Aminu Kano, duk wanda ya fi kusa.

Sai ma'aunan kumburi, CRP da ESR. CRP furotin ne da hanta ke fitarwa idan ta sami saƙon cewa ana faɗa a wani wuri a jiki. William Tillett da Thomas Francis ne suka gano shi a 1930 a Cibiyar Rockefeller da ke Amurka, a jinin masu ciwon huhu. Yana fara hawa cikin sa'a 6 zuwa 8, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, kuma da zarar faɗan ya lafa rabinsa yakan ɓace a duk sa'a 19. A mai lafiya ba ya wuce 5, wasu lab ɗin su ce 10. A murar bairos yakan hau zuwa 'yan gomomi a rana ta biyu zuwa ta huɗu, sannan ya gangaro. Idan ya haura 100, ko yana ƙara hawa bayan mako guda, hankalin likita yakan koma kan bakteriya. ESR kuwa tsoho ne mai nawa. Jini ake zubawa a siririn bututu a ga milimita nawa jajayen ƙwayoyi za su nitse cikin sa'a guda. Ba ya saurin hawa, idan ya hau kuma sai ya yi makonni bai sauko ba. Shekaru da juna biyu da ƙarancin jini duk suna ɗaga shi. ESR 40 a dattijuwa mai mura bai gaya mini komai ba face abin da tarinta ya riga ya faɗa.

Sinadarin ƙarfe na jini, wato ayon, labarinsa ya fi burge ni. Ƙwayoyin cuta da yawa suna buƙatarsa don su hayayyafa, sai jiki ya ɓoye shi. Hanta tana fitar da wani sinadari, hefsidin, wanda ke rufe ƙofar shigowar ayon daga hanji ya kuma kulle wanda ke rumbu. Sai ayon ɗin da ke yawo a jini ya faɗi, feritin kuma, wanda ake auna abin da ke rumbu da shi, ya hau. Mai isasshen ayon ya zama kamar ba shi da shi, wadda kuma take da ƙarancinsa na gaske, kamar mai yawan haihuwa, feritin ɗinta ya fito kamar komai lafiya. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2020, ta ce a babban mutum mai lafiya ana kiran ƙarancin ayon idan feritin ya gaza 15, amma idan akwai kumburi ko cuta a jiki sai a ɗaga ma'aunin zuwa 70.

ALT da AST, sinadaran da ake duba lafiyar hanta da su, sukan ɗan hau, har su ninka ma'auninsu na wajen 40 sau biyu ko uku, su sauka cikin makonni. AST akwai shi a tsoka, don haka ciwon jikin infuluwenza ma yana ɗaga shi. Abin dubawa a nan shi ne farasitamol. Iyakarsa ga babba giram 4 ne a yini, wato ƙwaya takwas masu 500, kuma yawancin magungunan mura akwai shi a ciki. Mai shan wannan da wancan ga jiƙe-jiƙe yana iya wuce iyaka bai sani ba. Idan ALT ya ƙi sauka bayan an warke, a gwada ciwon hanta na B da C. Lambobin ƙoda sukan hau da rashin ruwa, balle an haɗa da ibufurofen ko daikilofenak. Suga yakan tashi, musamman ga mai ciwon suga, ko da ba ya cin abinci, saboda sinadaran da jiki ke fitarwa in yana cikin wahala. Kolestarol yakan sauka, gwajin maƙoƙo yakan rikice. Waɗannan biyun a bar su sai an warke. Jinotayif da rukunin jini kuwa babu murar da ke taɓa su, masu shirin aure su sha kuruminsu.

Widal ne ya fi cin kuɗin mutane. Wani likitan Faransa, Georges-Fernand Widal, ya fito da shi a 1896. Ba ƙwayar taifot yake gani ba, martanin garkuwar jiki yake aunawa, kuma wanda ya tashi a inda taifot ke yawo yakan ɗauki wannan martani a jininsa shekara da shekaru. Wani zazzaɓin daban, har da maleriya, yana iya sake tayar da shi. Don haka 1/80 sau ɗaya a jinin wanda ya girma a Kano, mai yoyon hanci da atishawa, ba hujja ba ce. Abin da ke tabbatar da taifot shi ne a shuka jinin a lab a ga ƙwayar ta tsiro. Amma ga yadda abin yake tafiya: a ga 1/80, a fara sifro, wani antibayotik, ko allura a rana ta huɗu, mura ta saki mutum a rana ta bakwai kamar yadda dama za ta yi, ya tafi yana yabon magani. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Gwajin maleriya na tsinke ma yakan ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan an sha magani an warke, saboda furotin ɗin da yake ganowa yana daɗewa a jini. Idan an ga maleriya a bi abin da likita ya ce, amma ba ita ce ke kawo majina ba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a yi watsi da lab ne. Akwai lokacin da takardar take da nauyi sosai. Mutum ya fara samun sauƙi a rana ta biyar ko ta shida, sai zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, ƙirji yana suka, numfashi yana sama-sama. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: bairos ya kware bangon hanyar numfashi, bakteriya ta bi ta nan ta shiga huhu. A nan niyutirofil da CRP za su tashi a daidai lokacin da ya kamata su sauka, kuma antibayotik ya zama dole. A yara numfashi ake ƙirgawa tun kafin a kai ga lab: sau 50 ko fiye a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, sau 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko a ga ƙasan ƙirji yana lotsawa. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya kuwa, bayan mashaƙon da ya addabi Kano daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, babu wanda ya kamata ya kira shi mura bai bari an leƙa bakin yaron ba.

Na auna numfashin gwaggo, na tambayi abin da ta sha. Jikanta ya kawo ledar, ga farasitamol, ga wani maganin mura mai farasitamol a ciki, ga katin sifro da aka sayo saboda Widal, ba a kai ga ɓalle shi ba. Na ce ta riƙe ɗaya daga cikin biyun farko, ta yawaita ruwa da kunu, gobe a kai ta likitanta ya saurari ƙirjinta, a tafi da takardar da ledar duka, a kuma gaya masa a rana ta uku aka ɗebi jinin.

"To hantar fa, ɗan nan?"

"Gwaggo, ki ba ta wata guda. In kin warke sarai mu sake aunawa."

Likitan bai ba ta antibayotik ba. Bayan mako biyar aka sake ɗiban jinin. ALT 24, filatilet 260, WBC 3.9. Injin ya sake saka masa L.